Sitiyarin Motocin Yau Ya Sauya, Garejinmu Kuwa Suna Nan Jiya I Yau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani sashe na mota da direba yake riƙe da shi tun daga tashi har sauka, amma ba a cika zancensa ba sai bayan an yi haɗari, wato sitiyari. Na shafe fiye da shekara talatin ina aikin kanikanci a nan Maraɗi, na fara ina yaron gareji a zamanin da Peugeot 504 ce ke riƙe da hanyar Damagaram da ta Ƙonni, kuma abin da nake gani a ƴan shekarun nan ya hana ni yin shiru.

A daminar da ta wuce wani bawan Allah ya kawo mini ƙaramar mota da ya saya ba da jimawa ba. Ya ce a kan hanyar Madarunfa, daidai wata kwana, sitiyarin ya yi masa tauri farat ɗaya kamar an ɗaure shi da igiya, da ƙyar ya mayar da motar kan kwalta, ga shi kuwa yana ɗauke da iyalinsa. Kafin ya iso wurina an riga an kai ta wani gareji, inda aka yi ta laluben wurin zuba man sitiyari har aka gaji, alhali motar ba ta da shi sam, domin lantarki ne ke taimaka mata wajen juyawa. Da muka kwance allon da ke gaban direba sai muka tarar an manna baƙin salatif daga ciki a kan ƴar fitilar gargaɗi mai hoton sitiyari, yadda mai saye ba zai ga tana ci ba. Ciwon kuwa ba ma a sitiyarin yake ba. Na'urar da ke caja batir ce ta gaji, wuta ta yi ƙasa, sai kwamfutar motar ta janye taimakonta ta bar mutum da ƙarfin damtsensa a tsakiyar kwana. Fitilar nan ta daɗe tana faɗa, aka rufe mata baki.

Don a gane yadda aka zo nan, sai mun ɗan waiwaya baya. Matsalar juya abin hawa mai ƙafa huɗu ta girmi injin mota. A kwana, tayar da ke ciki tana bin ƙaramin zagaye, ta waje kuma tana bin babba, saboda haka dole ta ciki ta fi karkata, in ba haka ba ɗaya daga cikinsu za ta riƙa jan ƙasa. Wani maƙerin keken doki a ƙasar Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara yadda za a haɗa ƙarafan gaba su ba da wannan bambanci, aka kuma yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818 da sunan wakilinsa Rudolph Ackermann. Har yau lissafin nan yana cikin kowace mota da ke tashar Maraɗi. Shi ya sa idan ƙarfen gaba ya lanƙwashe bayan an faɗa rami, bakanike ya gasa shi da wuta ya miƙar da guduma, ido yana ganin ya miƙe, amma kusurwar da injiniya ya auna ta riga ta ɓaci, sai taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, motar kuma tana jan direba zuwa wani ɓangare.

Motocin farko da sanda ake juya su, irin ta jirgin ruwa, har sai da Alfred Vacheron ya sa wa motarsa ƙirar Panhard zagayayyen sitiyari a tseren da aka yi daga Paris zuwa Rouen a 1894. Da motoci suka yi nauyi, taya ta yi faɗi, hannun mutum ya kasa, sai aka nemo masa mataimaki. Francis Davis, wani injiniya ɗan Amurka, ya gwada sitiyari mai aiki da ƙarfin mai a 1926, kuma a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da shi a motarsa Imperial. Wannan shi ne tsarin da kanikawanmu suka sani kamar yunwar cikinsu. Injin yana juya famfo ta hanyar fambel, famfo yana tura mai cikin tiyo, idan direba ya murɗa sitiyari sai wata ƴar ƙofa ta karkata man zuwa gefen da ake so, man ya tura ƙarfen nan mai haƙora da wasu ke kira kiremaye, wasu kuma da suka yi koyo a Katsina ko Kano su ce rak. Ciwonsa a fili yake: ko mai ya tsiyaye ka gani a ƙasa, ko famfo ya yi ta kuka, ko fambel ya tsinke. Aibinsa kuwa shi ne famfon ba ya hutawa, ko da mutum yana tafe a miƙaƙƙiyar hanyar Tasawa bai taɓa juyawa ba, yana nan yana cin ƙarfin injin da man fetur a banza.

Wannan ɓarna ce ta sa aka koma ga lantarki. A 1988 kamfanin Suzuki na Japan ya fitar da ƙaramar mota mai suna Cervo da sitiyarin lantarki, kuma a yau yawancin ƙananan motocin da ake ƙerawa haka suke. Babu famfo, babu tiyo, babu mai. Akwai wata na'ura a jikin sandar sitiyari da ke auna ƙarfin da direba ya sa, ta aika wa kwamfuta, kwamfutar ta duba gudun motar, sannan ta umarci ƙaramin injin lantarki ya taimaka daidai gwargwado. Shi ya sa a cunkoson babbar kasuwa sitiyarin yake laushi har da yatsa biyu a juya shi, amma a kan babbar hanya ya yi ɗan nauyi don kada motar ta riƙa rawa. Ina so in faɗa a fili cewa ba na cikin abokan sana'ata masu cewa tsohon tsari ya fi. Na lantarkin ya fi tsafta, ya fi tanadin mai, kuma idan aka kula da shi ya fi daɗewa bai nemi gyara ba. Sai dai ransa yana hannun batir da na'urar caji da wayoyi, abubuwan da mu a nan muka saba lallaɓawa har sai sun mutu murus. A tsohuwar mota, raunin batir turawa kawai yake jawowa da safe, a motar yau kuwa yana iya ɗauke taimakon sitiyari ana cikin gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne mataki na gaba, inda sitiyari ya daina zama shi kaɗai ya shiga hulɗa da birki. A 1995 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da tsarin da ake kira ESP. Aikinsa shi ne ya riƙa kwatanta inda direba ya nufa, bisa ga yadda ya juya sitiyari, da inda motar take tafiya a zahiri. Idan ya ga sun saɓa, wato motar ta fara zamewa, sai ya taka birkin taya ɗaya tak, abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba, ya dawo da ita kan hanya kafin direba ya gama razana. Duk wanda ya taɓa kauce wa akuya ko jaki ko yaro a bakin wani ƙauye tsakanin Tibiri da Gidan Rumji ya san cewa kaucewar farko ba ita ke kifar da mota ba, dawowar ce, lokacin da baya ya kwaso. Wurin nan ne tsarin yake ceton rai. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sabuwar mota tun daga watan Nuwamba na 2014, ke nan motocin da aka yi amfani da su a can, waɗanda yanzu suke shigo mana, da yawansu suna ɗauke da shi.

To, amma tsarin ba zai yi aiki ba sai ya san inda tsakiyar sitiyari take. Akwai na'urar da ke auna kusurwar juyawa, kuma a motoci da dama, duk lokacin da aka daidaita tayoyin gaba ko aka sauya wani ƙarfe a can, sai an sake nuna wa kwamfuta cewa nan ne miƙe. A garejinmu kuwa ana daidaita taya da zare da ido, idan sitiyarin ya karkace sai a cire shi a mayar da shi yadda zai yi kyan gani, a sallami mai mota. Daga nan kwamfutar tana ganin direba yana juyawa alhali motar tana tafe sak, sai ta kashe tsarin ta kunna fitila, ko kuma ta sa baki inda bai kamata ba. Idan mai mota ya dawo yana ƙorafin fitila, sai a cire ƙwan ko a yanke waya. Haka muke sayen mota mai na'urar ceton rai da kuɗinmu, mu kashe na'urar da hannunmu, mu ci gaba da tafiya ba mu sani ba. Ba mugunta ce ke sa yawancin ƴan uwana yin haka ba, babu wanda ya taɓa koya musu ne.

Masu ƙera mota kuwa ba su tsaya jiranmu ba. A 2013 motar Infiniti Q50 ta zo da tsarin da wayar lantarki ce ke kai saƙon direba ga tayoyi, ko da yake an bar sandar ƙarfe a ajiye don ta kama idan lantarki ya ci amana. A 2023 motar Cybertruck ta kamfanin Tesla ta fito babu wannan sanda gaba ɗaya. Akwai kuma masu kyamara da ke karanta farin layin hanya su gyara wa direba hannu idan ya fara gyangyaɗi, abin da amfaninsa kaɗan ne a hanyar da layinta ya goge. Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da waɗannan. Amsa ita ce, duk motar da muke gyarawa yau an taɓa kallonta a matsayin abin da ba zai zo nan ba, kuma bayan shekara goma ko sha biyar ta zo.

Ga kuma halin ƙasarmu, wanda ba ya sassauta wa sabo ko tsoho. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana busar da robar da ke rufe bakin kiremaye har ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen niƙa, damina ta zo ta ƙara da tsatsa. Roba ce mai araha, amma sakaci da ita yana cinye ƙarfe mai tsada. A rairayin hanyoyin ƙauyukan Dakoro da Mayahi, idan mota ta kafe direba ya yi ta murɗa sitiyari dama da hagu, injin lantarkin yakan yi zafi ya rage taimako don kare kansa, abin da ɗan hutu kawai yake buƙata, amma sai a ɗauka ya lalace a fara kwancewa. Lodin da ya wuce kima a bayan motar kasuwa yana ɗaga gabanta, tayoyin da ke juyawa su rasa kamun ƙasa. Mafi muni a wurina shi ne yi wa gaɓar ƙarfen da ke riƙe taya, wadda muke kira rotil, walda maimakon a sauya ta. Ranar da waldar ta saki, babu kwamfutar da za ta iya komai, domin tayar ta rabu da sitiyari ke nan.

Saboda haka nake kira ga masu ilimin wannan fanni a garinmu, musamman malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da su buɗe wa kanikawan da ke bakin aiki ƙofa. Ba takardar shaida muke nema ba, darasin yamma na ƴan makonni muke so, cikin harshen Hausa, a kan mota ta gaske, yadda mutum zai koyi auna wutar batir da ta caji, ya koyi jona na'urar binciken kwamfuta ya karanta abin da ta ce, ya kuma koyi daidaita ma'aunin kusurwa bayan gyara. Mu ma kanikawa muna da namu aikin, domin na'urar da ta fi ƙarfin gareji ɗaya ba za ta fi ƙarfin gareji biyar da suka yi adashe ba. Masu duba lafiyar motoci kuma ina roƙonsu da su sa gwajin fitilun gargaɗi cikin abin da suke dubawa, kamar yadda suke duba birki da taya.

Gwajin ba shi da wuya, kuma duk mai shirin sayen mota zai iya yinsa da kansa a gaban dillali. Ya murɗa makulli mataki ɗaya ba tare da ya tayar da injin ba, ya duba allon: fitila mai hoton sitiyari, da ta ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, da ta ESP mai hoton mota tana zamewa, dole su kama a motar da ke da waɗannan na'urori, sannan su mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi ko bayan injin ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna ciwo. Wadda ba ta kama ba tun farko, a nemi bakanike ya buɗe allon kafin a ba da ko dala.

Na gode da wannan fili. Allah ya tsare matafiya, ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani bakanike,
Unguwar Sabon Gari, Maraɗi.