Wasiƙar Godiya ga Garejin da Ya Gyara Mini Giya da Birkin Tsohuwar A-kori-kurata a Gombe

Zuwa ga Baba, shugaban garejin tsofaffin motoci da ke bayan Tashar Dukku, da mataimakansa, da yaran da ke koyon aiki a hannunsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi motata ba ta ishe ni ba, kuma domin masu tsofaffin motoci irin tawa su san cewa har yanzu akwai inda ake gano cuta kafin a rubuta magani.

Motar dai a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 404, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara harhaɗa motoci a 1975, tawa tana cikin waɗanda suka fito daga can a shekarun farko. A zamanin mahaifina auduga take ɗauka, yanzu kuwa masara da wake take kwasowa daga gonarmu ta wajen Lawanti zuwa kasuwar Tudun Hatsi. 'Ya'yana sun sha ba ni shawarar in sayar da ita ga 'yan gwangwan, ni kuma na sha ba su amsar cewa ta girme su duka, saboda haka su yi mata magana da ladabi.

Matsalar giya ta daɗe tana yi mini sallama ina ƙin amsawa. Hannun giyar wannan mota a jikin sitiyari yake, kuma a hankali ya riƙa yin wasa har ya kai sai na laluba kafin in sami lamba biyu, ribas kuwa sai na gwada sau uku ko huɗu. Na saba da abin har na daina ganinsa a matsayin lalura. Ranar da ya nuna mini iyakata, ina ɗauke da buhunan masara ne a gangaren da ke shiga gari daga wajen Tumfure. Na nemi in sauko daga lamba uku zuwa biyu domin inji ya riƙe motar, sai giya ta faɗa firi ta ƙi shiga ko'ina. Nauyin kayan duka ya koma kan birki, ina takawa motar tana fizgar sitiyari zuwa dama, kafin in kai ƙasa kuma birkin ya yi laushi ya tafi kusan har daɓe. Da birkin hannu da salati na samu na gangara gefen titi. Allah ya kiyaye, ba a taɓa kowa ba, amma na fi minti ashirin a zaune ban iya fitowa ba.

Wurin da na fara kai ta, wanda ba zan ambata ba, mai wurin bai ko sunkuya ƙarƙashinta ba ya ce giyabos ya mutu, sai an sauke shi an nemo na gwanjo daga Kano. Birki kuma ya ƙara masa mai, ya fitar da iska, ya ce ya yi. Kuɗin da ya yanka sun kusa kai abin da za a ba ni idan na sayar da motar. Wani tsohon direba ne ya ce in kawo muku ita kafin in biya ko sisi.

Baba, abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyinku. Kun tambaye ni ko giyar tana yin ƙara lokacin shiga, ko tana ƙin shiga ne kawai, da ko abin yana canzawa idan mota tana da kaya. Sannan kuka shiga kuka gwada giyoyin duka inji yana kashe, suka ba ku wahala kamar yadda suke ba ni, nan take kuka ce a bar zargin kuloci, domin kulocin da ba ya saki sai inji yana aiki yake nuna halinsa. Daga nan kuka sa yaro ya shiga rami ya cire sandunan da suka haɗa hannun giya da giyabos, kuka bi bayansa kuka motsa kunnuwan giyabos ɗin da hannunku. Lamba ɗaya zuwa huɗu da ribas duk suka shiga tsaf, kowace da ɗan sautinta. Kuka zuba man giyabos a faranti kuka murza shi da yatsa a hasken rana, ba a ga ɓarɓashin ƙarfe ba. Giyabos ɗin da aka yi wa jana'iza lafiyarsa ƙalau.

Bayanin da kuka yi mini a bakin ramin nan ya fi mini wani darasi da na taɓa samu a kan motar. Kun ce hannun giya na sitiyari aiki biyu yake yi, idan aka ja shi ko aka tura shi yana zaɓen layin da giyar take, idan aka ɗaga ko aka danna shi yana shigar da ita, kuma kowane motsi yana da sandarsa da gaɓoɓinsa. Idan kowace gaɓa ta ci kaɗan, wasan yana taruwa, har ya zama direba ya kai hannunsa ƙarshe alhali a can ƙasa rabin tafiya kawai aka yi. Giyar da ta shiga rabi kuwa ita ce take fita da kanta. A motata kun tarar da gaɓoɓi biyu sun cinye, ɗaya ma da waya wani ya taɓa ɗaure ta, bush ɗin da ke gindin sitiyari ya narke babu ko alamarsa, robar da giyabos yake zaune a kai kuma ta tsage, shi ya sa idan aka yi lodi yakan ɗan gusa tsawon sandunan ya daina dacewa. Bush ɗin bai samu a kasuwa ba, sai kuka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe awonsa ya fitar da sabo. Bayan an haɗa komai, kuka ajiye giya a firi kuka riƙa juya sandunan zagaye ɗaya-ɗaya har hannun ya tsaya a tsakiya.

A nan na yi kuskuren da nake neman gafararku a kansa. Da na ga giya ta gyaru, kuma kaka ta kama ga kaya jibge a gona, sai na ce a ba ni motar, tunda an riga an taɓa birkin a wancan wurin. Kuka sa makulli a aljihu kuka ce ba za ta fita daga garejinku a haka ba. Raina ya ɓaci, na kuma faɗi maganar da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba. Ba ku amsa mini ba, sai kuka ce in shiga in taka birkin in riƙe ƙafata. Na riƙe, ina ji yana sulalewa ƙasa a hankali ba tare da na ƙara ƙarfi ba. Kuka ce robobin cikin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, su ne suka gaji, mai yana zagayewa ta bayansu, kuma fitar da iska sau goma ba zai warkar da wannan ba.

Abin bai tsaya nan ba. Man da aka zuƙo daga ciki baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta. Man birki yana shan danshin iska da daɗewa, kuma bisa ƙa'idar nau'in man birkin da ake kira DOT 3, sabo yana jure zafi har digiri 205 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa ana auna shi ne a digiri 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin fayif, tururi kuma matsuwa yake yi, wannan shi ne laushin da na ji a gangaren Tumfure. Na tuna da direbobin da ke zuba ruwan omo idan mai ya ƙare musu a hanya, suna alfahari da dabara, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da yake bari a ciki. Ni dai ban taɓa yi ba, amma shekarun da na yi ina ƙara mai a kan tsoho ba tare da na canza ba, ba su da nisa da wannan.

Fizgar da motar take yi zuwa dama ita ta fi ɗaukar lokacinku. Kun ɗaga gaba da jak, aka taka birki aka saki, tayar dama ta ci gaba da riƙewa. Kuka sassauta mahaɗin fayif ta saman tiyon roba, ba ta saki ba, da kuka buɗe ƙusar fitar da iska a jikin tayar sai mai ya tsarto ta juya sakayau. Da haka kuka tabbatar tiyon ne ya kumbura ta ciki, yana barin mai ya wuce yana hana shi dawowa, duk da cewa ta waje babu tsaga ko ɗaya. A baya kuma silindar hagu tana yoyo, mai ya jiƙe shu ɗin birkin, wato abin da ke matse taya ta tsaya, har ya daina kamawa. Kun nuna mini cewa birkin motata layi ɗaya ne ga tayoyi huɗu, idan wuri guda ya fashe duka sun tafi, shi ya sa kuka canza tiyoyin gaba ɗaya maimakon wanda ya nuna kansa kaɗai, kuka canza shu na ɓangarorin biyu tare, kuka gyara wayar birkin hannu. Wajen fitar da iska kuka fara da tayar da ta fi nisa da masta, kuka sa ƙaramin yaron nan yana takawa kuna tambayarsa abin da ƙafarsa take ji. Na lura ba ku yi masa tsawa ba da ya yi kuskure, kun dai sa shi ya maimaita.

Aikin ya ci kwana tara, kuma ba zan ɓoye ba, jiran ya yi mini tsawo. Sai dai ranar biya kun ba ni duk tsofaffin kayan da aka cire a cikin buhu, kuka lissafa mini kuɗin kowane sabo daban da kuɗin aiki daban, jimillar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka nema a wancan wurin ba. Kuka kuma dage sai an loda mata buhunan yashi mun hau har Tumfure mun sauko tare, ku a gefena, kuna cewa in shiga lamba biyu tun daga saman gangare kafin mota ta ɗauki gudu. Da yatsu biyu ta shiga.

Tun daga ranar na yi sahu goma sha ɗaya tsakanin gona da kasuwa, ban ƙara ko ɗigon man birki ba. Zan kawo ta bayan an gama kwasar wake domin a ɗaure shu ɗin kamar yadda kuka ce, kuma ƙanena zai biyo ni da 504 ɗinsa, wadda ita ma ribas ɗinta ya fara gardama. Ina gaishe da mataimakanku biyu da yaran duka, musamman wanda ya yini a rami. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a sana'ar, amin.

Naku,
Ɗanku, mai farar a-kori-kura ta Lawanti.