Wasiƙa daga Saint-Denis

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyin ƙasar nan ya fara kankama, ga rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar.

Ka ce in buɗe ido in duba maka garin da yaronmu yake son zuwa karatu, in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. To na je, har na kwana can, don ɗan yayar nan tawa da ka sani a garin yake zaune da iyalinsa. Saint-Denis na arewa da Paris, manne da ita. Babban titin da ya zagaye Paris, wanda aka gama a 1973, shi ne ya raba su. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 13 yana kai mutum har tsakiyar gari, tasharsa ta ƙarshe kuma tana bakin jami'ar da yaron ke magana, Paris 8, wadda aka dawo da ita nan a 1980.

Tun kafin in tafi, waɗanda muke taro tare suka yi ta ja mini kunne: in riƙe wayata da kyau, kada in kai dare. Yankin suna kiransa da lambarsa, 93, kuma shi ne ya fi kowane yanki na cikin ƙasar Faransa yawan talakawa. Ba ƙarya suka yi ba, akwai masu yankan aljihu, akwai kuma lungunan da ake sayar da ƙwaya. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne, shi nake son ka ji.

Ranar Lahadi muka shiga kasuwa. Talata da Juma'a da Lahadi take ci, a cikin wata doguwar rumfar ƙarfe da aka gina tun 1893, ta cika ta tumbatsa har filin waje. Wallahi sai ka ce babbar kasuwar Maraɗi a jajiberin salla. Ga Balaraben Aljeriya yana kwarma farashin tumatir, ga mutumin Maroko da tulin na'ana'a da zaitun, ga Bature mai cuku, ga kifi kwance a kan ƙanƙara. Na ga kuɓewa ɗanya shar, da doya, da rogo, da attaruhu mai kyau. Wata dattijuwa 'yar Mali, ta ɗaura zanen atamfa ta ɗora babbar rigar sanyi a kai, tana karya bakin kuɓewa ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar ba ta tsufa ba. Mai kayan, ɗan Bangaladesh ne, bai ce mata uffan ba, ya buɗe mata leda yana jira. Da ta gama ya auna, ya ƙara mata gyara. Da gani ka san sun daɗe da sanin juna, ko da yake Faransancin kowannensu na ciniki ne kawai.

Bambaranci da Soninke da Wolof da Larabci su suka fi shiga kunne. Hausa sai an dace. Na dace da wani mahauci mutumin Garwa ta Kamaru a wani shagon naman halal. Da ya ji ina waya da Hausa sai ya ajiye wuƙa ya zagayo ya kama hannuna, muka gaisa har da tambayar ruwan bana.

Daga kasuwar zuwa babbar majami'ar garin taku kaɗan ne. A nan aka binne kusan duk sarakunan Faransa, sama da sarki 40. An keɓe sashenta na gabas, inda bagadi yake, a 1144, kuma masana gini sun ce daga nan salon manyan majami'un Turai masu dogayen tagogin gilashi ya samo asali. Na biya na shiga. An sassaƙa kowane sarki da farin dutse yana kwance a kan kabarinsa, hannaye haɗe, ƙafafu a kan zaki, wasu matan kuma a kan kare. A 1793, lokacin juyin juya hali, aka buɗe kaburburan aka kwashe ƙasusuwan aka zuba a rami. Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Ina fitowa na tarar da yara baƙaƙe da Larabawa da Turawa suna buga ƙwallo a filin ƙofar, iyayensu mata na zaune a benci da kayan cefane.

Baƙunta ba sabon abu ba ce a garin. Da can masana'antu ne suka cika shi, suka jawo mutanen ƙauyukan Faransa, sannan 'yan Sifaniya da Italiya, har akwai unguwar da ake kira Ƙaramar Sifaniya. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan Aljeriya da Fotugal suka zo, da yawansu suka zauna a bukkokin kwano da katako a Franc-Moisin kafin a gina dogayen benaye a wurin. Daga baya mutanen Mali da Sanagal suka biyo. Da masana'antun suka rufe, aiki ya tafi, mutane suka rage.

Yanzu manyan ofisoshi sun tsaya a filayen. Ga filin wasa na Stade de France mai cin mutum 80,000, inda Faransa ta lallasa Birazil da ci 3 da nema a 1998, Zidane ya ci biyu da ka. Na san ba ka manta daren nan ba. A nan kuma aka yi guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik ɗin 2024, aka gina wurin ninƙaya da masaukin 'yan wasa, jirgi mai lamba 14 ya iso garin. Duk da haka, masu aiki a ofisoshin nan akasari daga wani wuri suke zuwa da safe, su koma da yamma. Samarin unguwa kuwa, har masu digiri, suna kukan cewa adireshinsu da sunansu kan sa a ajiye takardar neman aikinsu a gefe. Wannan ya dame ni matuƙa.

Ɗan yayata a wani otal na cikin Paris yake aiki, don haka na bi shi tasha da asuba, tun gari bai waye ba. Aminina, da ka ga jirgin farko. Cike yake maƙil da mata masu sharar ofis, da masu gadi, da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da leburorin gini da takalmansu masu ƙurar siminti. Ba mai magana. Wani na gyangyaɗi a tsaye, wata na jan carbi a cikin aljihun riga. Su ne suke share Paris su dafa mata abinci su kula da tsofaffinta kafin masu yawon buɗe ido su farka, daga albashin nan kuma ake tura kuɗin asibiti da na makaranta zuwa Kayes ta Mali da Dakar. Na ji haushin yadda aka kwatanta mini su tun farko, kamar ba abin da ke garin sai ɓarayi.

Game da yaro, ga shawarata. Ka bar shi ya zo, amma kada ya taso sai an tabbatar da ɗakin kwana a rubuce. Haya ita ce babbar wahala. Akwai azzaluman da ke raba tsohon gida mai danshi gida-gida, su cusa mutane su karɓi kuɗi mai yawa, musamman a wurin wanda takardunsa ba su cika ba. Ya nemi ɗakin ɗalibai tun da wuri, ya riƙa sabunta takardar zamansa kafin ta ƙare. Abinci da salla ba matsala: naman halal ko'ina, masallatai suna nan, sai dai ranar Juma'a ya yi sammako, don wuri na cika da wuri. Ɗan yayata ya ce zai tarbe shi, matarsa kuma ta ce tuwon Lahadi ya zama nasa.

Ka sa ya turo mini kwafin takardar da jami'ar ta ba shi kafin in taso, in kai wa ɗan yayata ya fara cigiyar ɗaki. Ka kuma gaya wa uwargida na samo mata turaren da ta ce. Ka gaishe mini da Hajiya da Malam Liman da duk 'yan majalisa.

Wassalam,
Naka amini.