Sinanci ya yi mini rana, amma kada a yar da Turanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da nake ji a majalisa, wai Turanci ya gama yayinsa, yaro ya kama Mandarin, wato babban yaren ƙasar Sin, kawai.

Ni ɗan Kantin Kwari ne, na daɗe ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin atamfa da leshi. Tafiyata ta farko da tafinta na yi ta. Mai masana'anta ya faɗi farashinsa, tafintan ya juyo ya faɗa mini nasa. Sai da na dawo Kano na gano ashe kowane yadi akwai abin da ya ɗora wa kansa. Tun daga ranar na dage da koyon ƙirga da ciniki da Sinanci. Abin dariya, saye da sayarwa duk "mai" suke cewa, karin murya kaɗai ya raba su. Wannan bai ba ni wuya ba, tunda mu ma haka muke raba kukan yaro da kukar miya. Rubutun ne ja: sai ka haddace alamomi wajen 3,000 kafin ka iya karanta jarida.

To amma da muka gama ciniki, da wane yare aka rubuta yarjejeniyar? Turanci. Takardar lodin kwantena da Form M na banki, wato takardar shigo da kaya daga waje, su ma Turanci. Ka je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba, za ka tarar samarin Sin da Turanci suke tallata kayansu ga Balarabe da Baturke da ɗan Brazil. 'Ya'yansu tun firamare suke koyonsa. Masu jin Mandarin daga nono sun haura miliyan 900, gaskiya ne, sai dai kusan dukansu a Sin da Taiwan suke. Matuƙin jirgin sama kuwa, in ya ƙetare iyakar ƙasarsa, galibi da Turanci yake magana da hasumiya.

Sinanci ƙari ne mai tsoka ga wanda ya riga ya riƙe sana'a, ko injiniyan da ke neman aiki a kamfanin Sin da ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna. Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci na Awka da Legas sun yi mana nisa. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su ɗauko malami a buɗe ajin dare a nan Kwari, ni ne farkon mai biyan kuɗi.

Ɗana zai zana WAEC bana. Na ce masa ya fara kawo mini kiredit a Turanci tukuna, ƙirgar Sinanci kuma ni zan koya masa a shago.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano