Zuwa ga Babana, kan 'yar kwamfutar nan taka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata karatu yana tafiya daidai. Ummanka tana gaishe ka.

Ƙanwarka ta nuna min hoton a wayarta: Raspberry Pi ɗinka, wato 'yar kwamfutar nan, a kan tebur, wayoyi ja da baƙi sun yi mata rawani. Ta ce so kake fitilar ƙofar ɗakinku ta riƙa kunna kanta da magariba. Na ji daɗi ƙwarai. Ɗan mai gyaran rediyo ai ba zai ƙi taɓa waya ba.

Dabarar ma na gane ta. Fil ɗin kwamfutar, 'yan ƙarafan nan da ake haɗa wayoyi a kansu, ba su san awon haske ba, akwai wuta ko babu kawai suka sani. Shi ya sa ake haɗa idon haske, LDR, da ƙaramin kafasita, ma'ajin wuta, mai maikrofarad 1. In duhu ya yi idon ya tare wuta, kafasita ya daɗe bai cika ba, kwamfuta ta ƙirga jinkirin. To ka ɗauko wutarka daga fil na 1, mai bolt 3.3. Na 2 da ke kusa da shi bolt 5 ne, kuma in 5 ta shiga fil na sigina kwamfutar na iya ƙonewa, kuɗinka ya bi ruwa. Ka sa rizisto, mai rage ƙarfin wuta, mai om 2,200 a layin idon, don in rana ta dalle shi kusan ba ya tare komai. Ƙafar kafasita ta gefen zane ita ke zuwa fil na 6, wanda ake kira ƙasa (GND). In ka juya ta, kumbura zai yi. Ka zare caja kafin ka sauya kowace waya.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya hana ni barci yana can gefen hoton: allon kayan wuta na cikin tsohuwar talabijin, da wayar soket da ka fere bakinta. Babana, me ya kai ka? Wancan baƙin kafasita mai kauri a jikin allon, duba rubutunsa, za ka ga bolt 400. Ana zare filogi ya ci gaba da riƙe wutarsa, shiru kamar kunama a ƙarƙashin dutse. Ka san abin da irinsa ya yi wa hannun kawunka na dama. Kana da shekara 6 lokacin, kana tsaye a ƙofar shago, ni na ɗauke ka na kai ka gida. Ka sha cewa na cika tsanani da na hana ka zama bayan kanta. To ga dalilin. Yanzu don ka yi zango biyu a jami'a sai ka kawo wutar gida mai bolt 220 kan teburin da kake cin abinci, a ɗakin da kuke kwana ku huɗu, wani ya tashi da asuba da ruwan alwala a hannu? Wallahi ban yarda ba.

Ka naɗe wayar nan ka ajiye. Allon talabijin kada ka taɓa bayansa, kada kuma ka ce za ka sauke wutarsa da sukurdireba. Yi gwajinka da ƙaramin ƙwan LED, shi ma da rizistonsa. In ya kama da magariba, aikinka ya yi.

In an yi hutu ka zo da ita. Akwai rile a shago, makunnin da kwamfuta ke iya kunnawa da kashewa, da akwatin roba, mu ɗaura tare a zauren gida, ni na riƙe mita kai ka rubuta umarnin, tunda wannan ɓangaren ka fi ni. Ummanka ta daɗe tana mitar duhun zauren nan.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifinka