Yanar ido ba ƙarshen gani ba ce, a daina kai iyayenmu wajen masu allura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda in idon tsoho ya yi fari sai mu ce ai haskensa ne ya ƙare, a nemo masa sanda da ɗan jagora shi ke nan. Haka muka zauna da Babanmu kusan shekara biyu, mutumin da kullum bayan Asuba sai ya karanta izu ɗaya, ya koma sai dai ya shafa Alƙur'anin ya mayar jaka, wallahi abin yana taɓa ni har yanzu.

Ido fa ba shi da wata fitila a ciki da za ta ƙare. In da yana da ita ai da in an ɗauke wuta ba ma laluben ashana. Haske ne daga rana ko ƙwan lantarki yake sauka a kan abu ya dawo ya shiga idonka, kuma malaminmu ne Musulmi, Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar da haka da gwajin ɗaki mai duhu. Ni ma na ga irinsa muna yara a zauren kakanmu a Yakasai, in an rufe ƙofa da rana akwai 'yar huda a ƙyauren, sai mu ga masu wucewa a jikin bango kai ƙasa ƙafa sama, mu yi ta mamaki.

To haka idon yake. Hasken zai ratsa fatar gaba mai kama da gilashi, ya bi ta baƙin ɗigon tsakiya wanda yake tsukewa a rana ya buɗe a duhu, sannan ya tarar da wani ɗan madubi kamar na tabarau, bai wuce ƙwayar wake ba, shi yake tattara hasken ya ajiye hoton a bangon bayan ido, a kife kamar na zauren nan. A bangon akwai ƙananan ƙwayoyi sama da miliyan 100 da suke mai da hasken saƙo, jijiya ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa can wajen ƙeya, a nan ne ake gane wannan fuskar ɗanka ce, wancan adaidaita sahu ne. Ikon Allah ke nan.

Yanar ido ba komai ba ce illa ɗan madubin nan ya dushe, haske ya kasa wucewa sosai, amma bangon da jijiyar galibi lafiyarsu ƙalau. Baba cewa yake kamar kullum yana cikin hazon hunturu. Da muka kai shi asibiti likita ya cire dusasshen ya sa na roba, aikin bai kai awa ɗaya ba, washegari da aka cire bandeji abin da ya fara yi faɗa ne wai wa ya bar masa hula ta yi dauɗa haka, Hajiya kuwa sai hawaye.

Abin da yake ƙona min rai masu yawo unguwa-unguwa da allura, su soka ido su tura madubin ya faɗa ciki, mutum ya ɗan ga wulgawa a yi ta murna, daga baya ciwo ya shiga. Maƙwabcinmu haka ya rasa idonsa na dama gaba ɗaya. Sai kuma hawan jinin ido, shi jijiyar yake ci a hankali ba zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa wanda ya haura 40 ya kamata ya je a auna shi ko yana gani rangaɗau. Ga sashen ido a Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari.

Roƙona Edita, ku samo likitan ido ku ba shi shafi ko sau ɗaya a wata ya riƙa amsa tambayoyinmu da Hausa, mu kuma ma karanta wa iyayenmu a gida.

Naku,
Mai karatunku daga Gwammaja, Kano