Yaron da ya ce ya gaji yana kan ganiyarsa

Innsbruck, Ostiriya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara. Mu nan sai godiyar Allah, sanyi ne dai yake ta gasa mana aya a hannu.

Saƙonka ya iso, na kuma sha dariya da ka ce wai mutanen nan ba su da aikin yi ne, sai su hau dutse su gangaro. Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikin masu gangarowar, don tun da na zo ƙasar nan ban ga ɗan wasan da aka yi gardama a kansa kamar shi ba. Sunansa Lucas Pinheiro Braathen.

Amma fara sanin wasan tukuna. Silalom suke ce masa. Ana kafa sanduna ja da shuɗi a gangaren dutse, mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya zame yana ratsa tsakaninsu, dama, hagu, dama, hagu. Kada ka ɗauka dusar ƙanƙara ce mai laushi irin ta hoto. Ruwa suke ɗura mata ya daskare har ta koma tamkar gilashi, wanda bai saba ba ko tsayuwa ba zai iya a kai ba. Sandunan kuwa ba kauce musu ake yi ba, dukansu ake da hannu da ƙwauri su kwanta su tashi, shi ya sa za ka ga kowa da kariya a ƙwauri da dunƙulen hannu da haɓa. In kana kusa da filin, abin da ke shiga kunnenka shi ne tas, tas, tas na sanduna da ƙarar ƙarfe yana kankare ƙanƙara. Sau biyu ake gangarowa, kowane bai cika kai minti ɗaya ba, sai a haɗa lokutan. Sanda ɗaya ta shiga tsakanin ƙafafunka, shi ke nan, ka tattara ka tafi gida.

An haifi Lucas a Oslo a watan Afrilun 2000. Uban ɗan Norway ne, uwar 'yar Brazil. Da yana ƙarami ƙwallo ce a ransa, kamar kowane yaro mai jinin Brazil, sai daga baya uban ya ja shi kan dutse. A Disamban 2018 ya fara shiga gasar Kofin Duniya, wato jerin gasanni da ake yi wuri-wuri duk kakar hunturu ana tara maki, a Oktoban 2020 kuma ya ci ta farko a Sölden, nan jihar Tirol da nake zaune, yana ɗan shekara 20. Murna ba ta je ko'ina ba, domin a Janairun 2021 ya faɗi a Adelboden ta Suwizalan daidai bakin layin ƙarshe, gwiwa ta lalace, kakar ta wuce shi yana jinya.

Wanda na fi so a duk tarihinsa shi ne na Wengen a Janairun 2022. Ka'idar wasan ita ce mutum 30 na farko ne kawai ke zuwa zagaye na biyu, kuma a juye ake sako su: na 30 ya fara, na ɗaya ya zo ƙarshe. Lucas ya ƙare zagayen farko yana na 29, wato da ƙyar ya tsallake. Sai ya zama shi ne na biyun sauka, hanya na nan sumul ba a farfashe ta ba. Ya sako kansa kamar wanda ba shi da abin asara, ya je ya zauna a kujerar wanda ke kan gaba yana jiran a tashe shi. Manya suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, hanya na ƙara rami, wannan ya zame, wancan ya makara, har na ƙarshe ya sauko ba wanda ya kamo shi. Mutanen nan har yau suna maganar ranar.

A kakar 2023 ya lashe kofin ƙarau na silalom, wanda ake bai wa wanda ya fi kowa maki a shekara, duk da an yi masa tiyatar afendis ana tsaka da kakar. To a nan ne abin ya juya. Ranar 27 ga Oktoban 2023, saura kwana biyu a buɗe sabuwar kaka a Sölden, ya tara 'yan jarida ya ce ya daina wasa. Shekararsa 23, lafiyarsa ƙalau, kofi na hannunsa.

Rigimar ta kuɗin talla ce. Hukumar wasan ta Norway ita ke riƙe da ikon amfani da hotunan 'yan wasanta, ita ke ƙulla yarjejeniya da kamfanoni, da kuɗin take biyan masu horo da jirgi da masauki da renon yara masu tasowa. Shi kuma ya yi wa wani kamfanin tufafi talla, alhali hukumar na da yarjejeniya da wani kamfanin tufafin daban. Aka ci shi tara, aka yi ta kai ruwa rana, har ya ce abin ya fita daga ransa.

Abokan aikina a nan sun rabu biyu. Wasu na cewa butulci ne, hukumar da ta raine ka tun ba ka san komai ba ita za ka juya wa baya? Ban ce ba su da hujja ba. Amma ni ina bayan yaron. Duba sana'ar da kyau: gwiwarsa ce jarinsa, ta kuma riga ta taɓa tashi sau ɗaya. Ladan cin gasa a wasan nan bai kama ƙafar abin da ɗan ƙwallon Firimiya ke ɗauka ba, kuma in ka faɗi ba ko sisi. Abin da zai ci bayan ya tsufa da wasa, sunansa ne da fuskarsa. In shi ke kasadar wuyansa a kan ƙanƙara, ban ga laifinsa ba don ya ce a yi shawara da shi kafin a sayar da hotonsa. Ga shi kuma dama ba irin sauran ba ne, yana son ado da kiɗa, yana shafa farce, abin da ni kaina nake kau da kai, amma ba shi ke hana shi gudu ba.

Sai dai akwai abin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Yana da ƙofar baya. A Maris ɗin 2024 ya sanar zai dawo, amma da tutar Brazil, ƙasar uwarsa, kuma Norway ta sake shi. Ka san irin wannan, kamar yadda Lookman ya bar Ingila ya zo mana. Yaron da iyayensa biyu 'yan ƙauye ɗaya ne a Norway, in ya yi wannan fushin, gida zai zauna. Shi kuwa ya haɗa tawagarsa ta kansa, da ubansa a ciki, ya nemi masu ɗaukar nauyinsa.

Dawowar ta yi kyau. A Disamban 2024 ya zo na biyu a Beaver Creek ta Amurka, ya taka rawar samba a gaban jama'a. A Nuwamban 2025 ya ci silalom a Levi ta Finlan, karo na farko da Brazil ta ci gasar Kofin Duniya a wannan wasa. Al'adarsu a Levi, wanda ya ci sai a ba shi wata dabbar ƙasar sanyi mai ƙahoni rassa-rassa ya raɗa mata suna, amma a can ake barin ta, ba ya tafiya da ita. Sannan a Fabrairun 2026, a gasar Olamfik a Italiya, ya ci zinare a babban silalom, mai faɗin lanƙwasa, a gaban Marco Odermatt na Suwizalan. Kafin shi babu wata ƙasar Kudancin Amurka da ta taɓa samun lamba a Olamfik ɗin hunturu.

Zan tura maka bidiyon Wengen ta WhatsApp, ka kalla in ka samu data, ka lura da ƙafafunsa, ba hannu ba. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. In wani zai taho ta nan, a saƙo min yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa.

Wassalam,
Naka amini