Roƙon Tallafi Domin Sanya Indararo a Masallaci da Makarantar Islamiyya da Gidan Malam Liman

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin kula da masallacin unguwarmu da makarantar Islamiyyar da ke jikinsa, a nan cikin birnin Katsina, yana miƙa gaisuwa ga iyayenmu da malamanmu da iyayen ɗalibai, da kuma 'ya'yan unguwa da neman abinci ya kai su Kano, Kaduna, Abuja da Legas. Bayan gaisuwa, muna neman taimakonku a kan aiki guda, wato sanya indararo a bakin kwanon masallaci da na azuzuwa da na gidan Malam Liman, tare da tankin da zai riƙa tara ruwan, kuma burinmu shi ne a kammala kafin ruwan farko ya sauka.

Mai yiwuwa wani ya ce ai Katsina ba ƙasar ruwa ba ce irin ta Kudu, don haka aikin bai kai na neman gudummawa ba. Gaskiya ne ruwanmu na shekara yakan tsaya a wajen milimita 600, amma kusan dukkansa yana sauka ne cikin watanni huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi tsananta a watan Agusta lokacin marka, kuma sau da yawa yana zuwa da iska mai ƙarfi. Wanda ya tuna ambaliyar da ta afka wa Jibiya a watan Yulin 2018 ya san abin da ruwan dare ɗaya yake iya yi a wannan jiha. Iyayenmu da suka yi ginin ƙasa sun fahimci wannan sarai, shi ya sa ba su gina soro ba tare da dogon indararo mai jefa ruwa nesa da bango ba, kuma ba su bari damina ta riske su ba su yi yaɓe ba. Mu ne da muka koma ga kwano da bulo muka ɗauka cewa siminti ya raba mu da wannan ɗawainiya. Ko Ɗakin Ka'aba, a garin da ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai, yana da indararonsa, Mizabur Rahma, wanda ke zubar da ruwan rufin cikin Hijiru Isma'il.

Duk mai zuwa salla ya ga halin da ake ciki. Ruwan da ke gangarowa daga kwano yana dukan ƙasa a gindin bango, ya haƙa rami mai tsawon ginin, ya fallatsa laka a jiki, sannan ya kwanta har ya ratsa zuwa harsashi. Filastar ƙasan bangon gabas ta bubbuɗe, danshi ya hau sama da gwiwa daga ciki, har shimfiɗun sahun farko suna warin ruma. A ɓangaren makaranta kuwa, ƙofar azuzuwa ce ruwan ke tsayawa, yara su shiga da taɓo, kwatamin da ya rage kuma ya zama matattarar sauro a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gidan Malam Liman, domin katangarsa ta ƙasa ce, kuma kwanon masallaci a kanta yake zubar da ruwansa. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa, idan ruwa ya cinye ƙasansa sai ya kife gaba ɗaya, kuma akwai iyali a bayan wannan katanga.

Ga kuma asarar ruwan kansa, wadda lissafi kaɗan ya isa ya bayyana ta. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin da ya kai mita 20 a tsawo da mita 10 a faɗi, idan aka yi ruwa na milimita 30, zai zubar da lita 6,000, wato jarka 240 mai cin lita 25. Wannan ruwa ne muke bari yana cin ginin, alhali kuma idan famfo ya ɗauke, daga asusun masallaci ake biyan 'yan garuwa domin a cika randunan alwala da butoci.

Mun zauna da magina da kafintoci da masu walda na unguwa, kuma shawararsu muka bi. An zaɓi indararon alminiyam a kan na roba, domin zafin ranar bazara yana busar da roba har ta riƙa tsagewa. Za a fara canza katakon bakin rufi inda ya ruɓe ko gara ta ci, tun da shi ne zai ɗauki nauyin, sannan a kafa maƙalai kusa da kusa, kada tazararsu ta kai mita ɗaya, saboda indararon da ya cika da ruwa yana da nauyi, iskar farkon damina kuma ba ta raga wa abin da aka ɗaura da sakaci. Dole a ba shi ɗan gangare zuwa bakin bututu, kimanin santimita ɗaya a kowace mita biyu zuwa uku, in ba haka ba ruwa ya kwanta a ciki, ƙura ta zama laka, sauro ya samu sabon gida a saman kanmu. Za a sa raga a bakin kowane bututu saboda ganyen bedin da ke harabar, a kuma yi hanyar karkatar da ruwan farko, wanda ke wanko ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, kada ya shiga tanki. Tankin zai zauna a kan dakalin siminti da murfi a rufe, ruwansa na alwala ne da wanke banɗaki da share harabar. Rarar da ta tumbatsa za a bi da ita ta bututu har cikin kwatar bakin titi, domin bai halatta mu tsare bangonmu mu tura ruwan gindin katangar maƙwabci ba. Daga ƙarshe za a zuba daɓen siminti a kewayen gindin ginin, a gyara filastar da ta lalace, a kuma yi wa katangar gidan Malam Liman sabon yaɓe.

Farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya a wannan zamani, saboda haka mun liƙa ƙiyasin kuɗin kowane kaya a allon sanarwar masallaci, kuma za a sabunta shi idan kasuwa ta motsa. Muna karɓar kuɗi komai ƙanƙantarsa, muna kuma karɓar kaya: buhun siminti, yashi, tsakuwa, katako, bututu, ko tsawon indararo guda. Mai sana'ar hannu da zai ba da aikin yini ɗaya, wannan ma gudummawa ce babba. Samar da ruwa yana cikin mafifitan sadakoki kamar yadda malamanmu suke karantar da mu, kuma muna fatan Allah ya sanya wannan cikin sadaka mai gudana ga duk wanda ya sa hannu, ko ya bayar da sunan iyayensa da suka rasu.

Idan abin da aka tara bai isa a yi duka a lokaci guda ba, za a fara da ɓangaren da ke zuba a kan gidan Malam Liman, sai azuzuwa, sai tanki. Ma'ajin kwamiti yana zama a harabar masallaci bayan sallar La'asar kowace rana, kuma ba ya karɓar komai sai da rasidi. Iyayenmu mata za su iya bayarwa ta hannun malaman ajin matan aure. Waɗanda ke nesa su tuntuɓi sakataren kwamiti ta hannun 'yan'uwansu na gida. Za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe duk ranar Juma'a bayan sallar Isha'i har aikin ya ƙare.

Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.

Kwamitin Masallaci da Makarantar Islamiyya, Katsina